Ƙuge Mai Baki Ɗaya

Shelar da na fara yi ni kaɗai ta akuya ce, kuma na ɓata ta. A kasuwar Birchi ne. Maigidana Baba Ɗanjuma ya tafi alwala ya bar mini ƙuge rataye a wuya, sai ga wata tsohuwa tana kuka, akuyarta ta ɓace. Na haye turmin masu fura, na bugi bakin ƙuge na farko, daɗin ƙarar ya kwashe ni na bugi na biyu. Na ce jama'a, an ɓatar da akuya mai girman maraƙi, ƙahonta kamu guda, nononta kan ciyar da unguwa. Mutane suka bazu neman wannan dodon. Ita kuwa akuyar 'yar ramammiya ce mai ɗingishi, tana tsaye bayan rumfar mahauta tana cin ɓawon rake, kowa na wuce ta don ba ta yi kama da abin da na faɗa ba.

Baba bai dake ni ba, da ma dukan ya yi ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin akuyar nan da idona. Na ce a'a. Ya kama kunnena ya bi da ni layi-layi, daga masu gishiri har 'yan tukwane, a kowane layi in tsaya in ce, ni Sada na buga baki biyu alhali ban gani ba. Har yau in na shiga Birchi akwai mahaucin da ke tambayata lafiyar maraƙina.

Ku yaran da aka kawo bana koyon shela, na ji abin da kuke faɗa a bayan ofis. Wai aikin nan ihu ne kawai, duk mai maƙogwaro zai iya. Na kuma ga kuna ƙyafta wa juna ido kuna dariyar ƙugena, don na kowa baki biyu gare shi, nawa ɗaya ne da dungulmi. Ban kai shekara ashirin ba, na sani, waɗansunku har sun fi ni gashin baki. Amma na yi shekarar yunwa a wannan aiki, ita kuwa ba a gwada ta da sauran shekaru.

Ku fara sanin dalilin da ya sa gwamnati ke ciyar da mu. Lokacin da Turawa suka tashi tafiya, manyan ƙasashen da ke kewaye da mu kowace ta ja rabonta, mu na tsakiya muka ce ba mu bin kowa. Aka kafa Karaduwa, aka sa mata sunan koginmu, aka mai da Dutsin-Ma babban birni. Ƙasa ce da in jaki ya yi fushi a Kurfi zai ƙetare iyaka kafin ya huce. Ba mu da jirgin ƙasa, ba mu da gidan rediyo, jaridar gwamnati kuwa masu tsire sun fi kowa amfani da ita. Don haka dattawan da suka tsara mulki suka ce doka ba ta zama doka ba sai an yi shelarta a kasuwa. Majalisa na iya kwana tana gardama, amma har sai mai shela ya buɗe baki a Kuki ko Wurma, maganar tana nan ta masu riguna ce.

Ƙuge ƙarfe ne mai baki biyu, ɗaya mai kaurin murya, ɗaya mai siririya, ana bugunsa da ƙahon barewa. In ka bugi mai kauri shi kaɗai, kana cewa an aiko ni, haka aka ce in faɗa. In ka bi shi da mai siririya, kana cewa na je, na gani da idona, ku kama ni in ba haka ba ne. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma jaririn goye a ƙasar Kurfi ya san shi. Baba Ɗanjuma ya yi shela tun zamanin Turawa, kuma ba a taɓa kama baki biyunsa da ƙarya ba. Lokacin zaɓe, 'yan jam'iyyar Garma da 'yan jam'iyyar Sanda kan zo masa da goro da turmin yadi, kowa na son ya yi shelar alkawarinsa da baki biyu. Ya karɓi goron, ya mayar da yadin, ya buga musu ɗaya. Yakan ce rijiyar da ba a haƙa ba ba shi da idon ganinta.

Shelar allurar shanu ita ce ta koya mini tsayuwa. A Kuki, na tsaya ina fuskantar iska kusa da maƙera, na yi ta tsaga maƙogwaro har idanuna suka kusa faɗowa, ba wanda ya ji sai wani kare. Iska a bayanka take zama ta ɗauki muryarka ta kai. Ba a tsayawa kusa da maƙera ko masu daka. Ba a shela da hantsi kasuwa ba ta cika ba, ba a yi bayan la'asar mutanen nesa sun kama hanya. Ana jira a idar da azahar, a lokacin ciki ya ɗauka, ciniki ya lafa. Ranar aiki ba ruwan randa mai sanyi, ba ƙuli-ƙuli, sai citta da ɗan zuma a bakin wuƙa. Kuma kafin duk wannan sai ka zauna gaban akawu a ofishin Kurfi ya karanta maka, ka maimaita, ya sake karantawa, har maganar ta zauna. Sa'an nan ka juye ta daga Hausar ofis zuwa wadda mai sayar da daddawa za ta gane, ba tare da ka ƙara ko ka rage ba. Nan ne nake shan wuya, don ni in magana ta shigo kunnena tana ɗan tsako, kafin ta fita bakina ta zama zakara.

Da na shekara biyu tare da shi muryar Baba ta fara dushewa. Sai muka raba aikin: shi ke riƙe da ƙuge, ni ke magana. Yana tsaye a gefena, in na fara ƙara gishiri ya taka mini ɗan yatsa. Babban yatsana na dama har yau ya fi na hagu faɗi.

A wannan tsarin muka yi shelar auduga. 'Yan Garma ke mulki, suka ce ƙasa ba ta tsayuwa da gero kaɗai, ana bukatar abin sayarwa waje don a sayo gishiri da kananzir da man mota. Kowane magidanci ya ba auduga rabin gonarsa, gwamnati za ta saya, kuma za ta tara hatsi a rumbunanta saboda ɓacin rana. Baba ya buga ɗaya. Amma akwai al'adar masu shela, duk dokar da ta fita ta bakinka kai ke fara bin ta. Ya shuka auduga a gonarsa ta bakin hanya inda kowa zai gani, mutane suka gani suka bi.

Shekarar farko an ji daɗi, har aka ga kekuna a Wurma. A ta biyu ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai. Audugar da aka samu aka kai Dutsin-Ma, sai maƙwabtanmu na kudu, masu jirgin ƙasa, suka rufe hanya kan rigimar kuɗin fito. Auduga ta taru a filin bayan majalisa har ta fi dutsen garin tsawo, awaki na hawa suna barci. Wannan karon ban ƙara da yawa ba.

Kafin tsakiyar rani rumbunan ƙauye sun koma ɗakin kaji. Shelarmu ta koma ta jana'iza da ta jakunan sayarwa. Mutane suka fara ɗaure kaya za su yi kudu inda aka ce an samu damina. Gwamnati ta tsorata, don in ƙauyuka suka watse ba mai shuka in ruwa ya sauka. Wakilin gwamnati na Kurfi, Malam Haruna, ya kira mu ofis. Mutum ne mai kunya, ɗan Birchi, tare da mu yake sallah. Ya ce ga shela: kowa ya zauna gidansa, akwai hatsi a rumbun gwamnati na Kurfi, za a raba wa ƙauyuka kafin ruwan shuka. Ya ce kuma yana roƙon Baba ya buga biyu, don in ɗaya ne ba wanda zai kwance kayansa.

Baba ya ce a buɗe masa rumbun.

Ɗaki ne dogo mai rufin kwano a bayan kasuwa. Da aka buɗe, buhuna ne jere har sama. Baba bai yarda da na bakin ƙofa ba. Ya sa ni na hau can tsakiya na turo buhu, na shiga can ƙurya na jawo wani. Ya zura hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga ƙasa, ya shinshina, ya tauna. Gero ne mai kyau da dawa, ba ƙaiƙayi, ba yashi. Muka yini muna wannan har na fito fari fat kamar an tono ni. Sa'an nan ya dubi Malam Haruna.

“Hatsi na gan shi, Malam. Rabon ne ban gani ba.”

“Baba, makullin ga shi a aljihuna. In ba ni na buɗe ba, wa zai buɗe?”

“Na Kurfi ne?”

“Na Kurfi ne da ƙauyukanta. Na yi maka alkawari tsakanina da Allah.”

Ranar kasuwar Wurma muka isa da hantsi. Kasuwar ba ta da ƙamshi, ba mai tuya, ba mai tsire. Abin da ke ƙasa tabarmi ne da tukwane da ƙofofin ɗaki, kayan mutanen da ke shirin tashi. Bayan azahar na hau kututturen da muke hawa, iska a bayana. Baba ya bugi mai kauri. Ya ɗan tsaya. Ya bugi mai siririya. Kasuwa ta yi tsit har ana jin kukan kurciya. Na faɗi shelar yadda aka ba ni, ban ƙara ko wasali ba. Duk tsawon aikina ranar ce kaɗai Baba bai taka mini yatsa ba.

Akwai wata mai fura a Wurma, Inna Hajo, wadda ke dama mana kyauta duk ranar kasuwa, tana ce mini Maraƙi. Ita da Baba abokan wasa ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ɗanta Mati ya riga ya ɗaure kaya a jakuna biyu, zai kwashe ta da matarsa da 'ya'yansa su tafi. Ta ratso mutane ta zo gaban Baba.

“Kai tsohon banza, hannunka ne ya yi rawa ko da gangan ka buga biyu?”

“Da gangan, Hajo. Na sa hannu a ciki, na tauna.”

“Da waɗanne haƙoran?”

Aka yi dariya, rabon kasuwar da dariya an daɗe. Ta juya ta ce wa Mati ya sauke kaya. Mati ya ce Inna, a dai tafi, in an raba sai a dawo. Ta ce tun tana amarya take jin ƙugen Ɗanjuma bai taɓa sa ta kwana a rana ba, ba kuma za ta bar kabarin mijinta ta je ta mutu a ƙasar da ba a san sunanta ba. Mati ya sauke. Da aka ga gidan Hajo sun sauke, sauran suka sauke. Wani Ardo ne kaɗai ya ce shi ya yarda da Baba, amma shanunsa ba sa jin ƙuge, ya kaɗa su ya wuce. Mun yi masa dariya.

Waɗanda suka zauna suka sayar da jakunan tafiya suka sayi abin da za su ci kafin rabo. Aka shiga cin tafasa da ɗanyen zogale da dusa.

Abin da ya faru a Dutsin-Ma mu ba mu gan shi ba, labari muka ji. Mutanen birni su ma yunwa ta kama su, 'yan doka sun daɗe ba albashi, aka fara jifar motocin ministoci. Waɗansu wakilai suka tsallaka daga Garma zuwa Sanda, gwamnati ta faɗi, wata ta hau. Sababbin suka ce in birni ya kama wuta ƙasa ta tafi, don haka a tattaro hatsin gundumomi a kawo Dutsin-Ma, daga baya a san yadda za a yi da ƙauye.

Da rana tsaka motocin kwasar hatsi suka zo Kurfi, da 'yan doka a kai. Malam Haruna ya ƙi ba da makulli. Ya tsaya a ƙofar rumbun da rigarsa ta ofis yana cewa ya yi alkawari. Ba su yi masa gardama ba, suka ɗauke shi kamar buhu suka ajiye gefe, suka fasa kwaɗon. Muna tsaye da Baba muna kallo har motar ƙarshe ta tashi. Mata suka shiga da tsintsiya suna share abin da ya zube.

Kashegari sabon akawu ya ba mu shela: an kai hatsi birni don a adana shi da kyau, jama'a su ƙara haƙuri. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce muryarsa ta mutu, yaronsa kuma mura yake yi. Na yi tari don in taimaka, na yi shi da yawa har akawun ya matsa.

Doka ta hana mai shela faɗin abin da ba a aiko shi da shi ba. Baba ya bar ƙuge a gida, muka kama hanyar Wurma a ƙasa, don jakinmu ma an sayar. Ba ranar kasuwa ba ce. Gida-gida muka bi, yana sallama, in maigida ya fito ya ce masa hatsin nan an kwashe, ba ya dawowa, duk mai ƙarfin tafiya ya tafi. Inda muryarsa ta ƙi fita ni ke faɗa. Waɗansu suka zage mu, wani ya ɗaga mana sanda. Mafi yawa kallonmu kawai suka yi. Ruwan farko ya riga ya sauka, rafuka sun fara kawowa, jakuna babu, yara kuma ba su da ƙafar tafiya.

A gidan Inna Hajo muka tarar da Mati a zaure, ya dawo daga maƙabarta. Ƙaramar 'yarsa ce ta rasu, Ladidi, wadda takan riƙe mini ƙahon barewa in muna shan fura. Muka yi ta'aziyya. Inna Hajo ta fito dafe da bango, ta zauna a dokin ƙofa. Baba ya durƙusa ya faɗa mata abin da ya kawo mu. Ta ɗago kai ta dube shi.

“Ka gan shi dai da idonka?”

“Na gan shi, Hajo.”

“Na sani. Ba ka ƙarya.” Ta gyara zanenta. “Da ɗaya ka buga, Ɗanjuma, da mun tafi.”

Ta ce wa matar Mati ta kawo mana ruwa, ta ba mu haƙuri babu fura.

Da muka koma Kurfi Baba ya ɗauki ƙugen ya kai maƙera. Maƙerin ya ɗauka gyara ne. Baba ya nuna masa bakin mai siririya ya ce a yanke. Maƙerin ya ce wannan ƙarfen ya girmi ubansa, shi ba zai sa masa kurfin yankan ƙarfe ba. Baba ya ce to ya ba shi kayan ya yanke da kansa. Sai maƙerin ya sa a wuta, ni na ja zugazugi. Abin da aka yanke Baba ya sa aka buge shi ya zama ruwan fartanya, ya ce in kai wa Mati, don nasa ya sayar. Sauran ya rataya mini a wuya. Na tambaye shi, in na ga abu da idona fa, yaya zan yi? Ya ce in faɗa da baki cewa na gani, in kuma faɗi ranar da na gani, kada in ɗauki alhakin gobe.

An hukunta shi saboda zagayen da ya yi a Wurma ba da izini ba, aka cire shi daga aiki. Ni aka bar ni don ba a sami wani mai murya ba. Malam Haruna ya ajiye aiki ya koma noma a Birchi. Daga baya an sasanta da mutanen kudu, hanya ta buɗe, aka sayar da audugar da ruwa bai lalata ba. Ni na yi shelar, a kasuwannin da rabin rumfunansu ba kowa.

To ga abin da za ku yi gobe. Za ku zo da asuba ba ku sha ruwan randa ba. Za ku zauna gaban akawu ku maimaita har ya gaji. Kai mai dogon wuya, kai za ka fara riƙe mini ƙaho, kuma in na ji ka ƙara ko kalma ɗaya, ka dubi yatsana ka san abin da ke jiranka. Ƙugen da ofis zai ba ku baki biyu gare shi, ba kuma wanda zai hana ku buga na biyun. Ni dai ba zan koya muku shi ba.

Baba Ɗanjuma ya rasu da rani mai zuwa, a gonarsa ta bakin hanya aka same shi. Inna Hajo ta riga shi, ba ta ga kaka ba. Mati ya yi noman shekarar da fartanyar, da ya girbe ya kwashe sauran iyalinsa ya yi kudu, bai dawo ba. Ardon nan da muka yi wa dariya ya dawo da shanunsa bayan damina biyu, yana nan a Wurma.